Salsar gasasshen tumatir da barkono

Salsa kalmar Sifaniyanci ce, ma'anarta miya. A Meziko, inda ake cin tumatir da barkono tun kafin zuwan Turawan Sifaniya a 1519, akwai wadda ake kira salsa tatemada, wato ta gasassun kayan miya.

Ana ɗora tumatir huɗu, barkonon serrano biyu, rabin albasa da tafarnuwa da ɓawonta a kan busasshen kasko, babu mai, a riƙa juyawa kamar minti 15 har fatar ta yi baƙi-baƙi. Tafarnuwa ake fara saukewa, don in ta ƙone ɗaci take yi. Sai a niƙa a turmin dutse, molcajete: tafarnuwa da gishiri tukuna, tumatir a ƙarshe. Kada a kankare ƙunar duka, nan ƙamshin yake.

Mu a zango asanka da tapoli sun ishe mu. Kpakpo shito zai maye gurbin serrano, amma a rage, don ya fi shi zafi. Tana shiga sosai da waakye ko soyayyar doya.

In ta yi saura a sa a firji, kada ta wuce kwana uku. In an ɗauke wuta kuwa, a cinye a ranar.