Fritz Haber: Bajamushen da Ya Ciro Taki Daga Iska

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya tare da mu zai tuna ranar da Malam ya rubuta yadda ake haɗa amoniya a allo, ya ce mu haddace don jarrabawa. Mun haddace, mun ci, mun manta. Sai da na je gida Baturiya da damina, na tarar da baffana yana lissafin kuɗin buhun yuriya kamar mai lissafin sadaki, sa'an nan na gane cewa darasin nan ne a cikin buhun, domin da amoniya ake yin yuriya.

Mai wannan aiki shi ne Fritz Haber, wanda aka haifa a Breslau cikin 1868, ya kama koyarwa a Karlsruhe a 1894. Matsalar da ya sa a gaba tsohuwa ce. Shuka ba ta girma sai da naitirojin, kuma kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma ƙwayoyinta biyu-biyu suke, sun riƙe juna tamau, shinkafa ko gero ba su iya amfani da ita haka. Kakanninmu kashin shanun Fulani da laka da ambaliyar Kogin Haɗejiya ke kawowa suka dogara da su. Turawa kuwa sai sun yi jigilar wani gishiri daga ƙasar Chile.

A watan Yuli na 1909, Haber da mataimakinsa Robert Le Rossignol, mutumin Birtaniya, suka nuna wa kamfanin BASF wata 'yar na'ura. A cikinta suka matse naitirojin da haidirojin da matsi kusan ninki 200 na iskar sarari, da zafi fiye da digiri 500, tare da ƙarfen osmiyam mai hanzarta haɗuwar, sai ga amoniya tana ɗiga. Carl Bosch ne ya mayar da abin masana'anta a Oppau cikin 1913, bayan Alwin Mittasch ya yi dubban gwaje-gwaje ya gano cewa baƙin ƙarfe mai arha zai maye gurbin osmiyam. A ganina, Mittasch ɗin nan littattafanmu sun ci haƙƙinsa. An ba Haber lambar Nobel ta 1918, Bosch kuma ta 1931. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da abincin irin wannan taki suke rayuwa, kuma masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas cikin 2022 a kan wannan hanya take tafiya.

To, amma akwai abin da ba a rubuta mana a allo ba. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, amoniyar nan ce ta ba Jamus abin yin nakiya bayan Ingila ta tare mata hanyar teku. Bai tsaya nan ba. Ran 22 ga Afrilu 1915, shi ya shirya sakin iskar kulorin mai guba a kan sojojin Faransa a Ypres ta ƙasar Beljiyam, cikinsu har da 'yan Aljeriya. Kwana goma bayan haka matarsa Clara Immerwahr, ita ma dakta ce a wannan fanni, ta harbe kanta. Ni dai na kasa yi masa uzuri, ko da yake da hatsin takinsa aka yi tuwon da na ci jiya.

Bayan yaƙi ya shekara da shekaru yana neman tace zinariya daga ruwan teku don Jamus ta biya diyya, abin bai yiwu ba. Da Hitila ya hau mulki a 1933, aka umarce shi ya kori Yahudawan da ke cibiyarsa ta Balin. Shi ma asalinsa Bayahude ne, sai ya ajiye aiki ya bar ƙasar. Ya rasu a wani masauki a Basel ta ƙasar Suwizalan ran 29 ga Janairu 1934.