Daga Ƙudan Morgan zuwa Kogin Farin Volta: Yadda Ilimin Gado Ya Shiga Yaƙi da Makantar Kogi

Yawanci ana tuna Kulungugu, garin da ke kan iyakar Gana da Burkina Faso kusa da Bawku, saboda bam ɗin da aka jefa wa Kwame Nkrumah ranar 1 ga Agusta, 1962. Amma a wancan zamanin akwai wata masifa da ta fi bam daɗewa tana cin wannan yanki. A kwarin Farin Volta, yamma da Bawku, da kwarin Jan Volta, manoma sun bar ƙasa mai dausayi sun koma kan tudu mai tsakuwa, domin a ƙauyukan bakin kogi magidanta kan makance tun da sauran ƙarfinsu. A 1966 masanin labarin ƙasa John Hunter ya yi rubutu a kan Nangodi, tsakanin Bolgatanga da Bawku, inda ya nuna cewa abin zagaye yake yi: ƙarancin gona ya tura mutane bakin ruwa, makanta ta koro su, bayan wasu shekaru 'ya'yansu su sake komawa.

An riga an san mai laifin. Tun 1926 Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa baƙin ƙudan nan, Simulium damnosum, shi ke ɗaukar 'ya'yan tsutsar Onchocerca volvulus daga jikin wani zuwa wani. Abin da ya ɗaure kai shi ne, a kurmin kudu ana samun ƙudan da cutar, amma makanta kaɗan ce. A dajin arewa kuwa, ƙuda iri ɗaya a ido, makanta ta yi katutu. Amsar ta biyo ta hanyar da babu wanda ya zata, wato ta kan wani ɗan ƙuda mai bin ruɓaɓɓiyar ayaba.

A 1910, a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, Thomas Hunt Morgan ya ga namijin ƙudan Drosophila mai farin ido a cikin dubban masu jan ido. Shi da ɗalibansa, Sturtevant da Bridges da Muller, suka bi diddigin irin wannan bambanci har suka tabbatar cewa ƙwayoyin gado a jere suke a kan zaren da ake kira kuromosom. An zaɓi wannan ƙuda ne don arharsa: ana kiwonsa a kwalba, kuma cikin mako biyu ya ba da sabon zubi. Irinsa ake kira halittar gwaji, wadda ake nazari a kanta domin a fahimci wasu. A 1933 Theophilus Painter ya nuna amfanin wani abin mamaki: a jakar miyau ta tsutsar ƙudan, zaren gadon yana ninka kansa sau ɗaruruwa ba tare da ya rabu ba, sai ya yi kauri, ya fito da ratsi-ratsi baƙi da fari kamar saƙi. Bridges ya zana taswirar waɗannan ratsi a 1935. Daga nan, idan wani yanki na zaren ya katse ya sake mannewa a juye, ana iya ganin wurin da madubin ƙara girma.

To, baƙin ƙuda ma yana da irin wannan zare a jakar miyaun tsutsarsa, wadda da ita take saƙa silin da take maƙalewa a dutse cikin ruwa mai gudu. Klaus Rothfels na Jami'ar Toronto ya kafa nazarin baƙaƙen ƙudaje ta wannan hanya, Robert Dunbar kuma ya juya ta kan na Afirka a shekarun 1960. A 1975 Dunbar da Charles Vajime, ɗan Nijeriya wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka wallafa sakamakon da ya sauya lissafi. Abin da ake kira ƙuda ɗaya a Afirka ta Yamma ashe jinsi takwas ne, kowanne da irin juyin zarensa. Sunayen da suka raɗa ma taswira ce: sirbanum daga kogin Sirba da ke faɗawa Kwara a ƙasar Nijar, soubrense daga garin Subre na Kodebuwa.

Aikin kansa na haƙuri ne. A shiga kogi a tsinko tsutsotsi daga ganyaye da duwatsu, a jiƙa su a ruwan magani, a fede jakar miyau da allura, a rina, a danne a ƙarƙashin gilashi, sannan a zauna ana gwada ratsin zare uku da taswira, tsutsa bayan tsutsa. A ganina wannan shi ne ɓangaren da tarihin cutar ya fi tauye wa haƙƙi, domin hoton jirgi mai saukar ungulu yana feshi ya fi ɗaukar ido a kan ɗalibi sunkuye a gaban madubi.

Amfaninsa ya bayyana nan da nan. A 1974 aka ƙaddamar da shirin yaƙi da cutar a ƙasashe bakwai, ciki har da Gana da Nijar, da hedikwata a Wagadugu, ana zuba maganin temefos a koguna kowane mako don kashe tsutsotsin kafin su yi fiffike. Nazarin zare ya nuna jinsi biyu, damnosum na ainihi da sirbanum, su ne na dajin arewa, masu tafiya da nau'in cutar da ke makantarwa. Da ƙudaje suka riƙa sake bayyana a kogunan da aka share duk farkon damina, sanin jinsinsu ya taimaka wajen gano cewa iska ce ke kwaso su daga kudu maso yamma, tafiyar ɗaruruwan kilomita, abin da ya sa aka faɗaɗa shirin. A 1980 kuma, da temefos ya daina tasiri a ƙasan kogin Bandama, an iya faɗin ko wane jinsi ne ya bijire, aka sauya magani a wurin. Daga baya Daniel Boakye na Cibiyar Noguchi da ke Legon ya tsara jagorar tantance waɗannan jinsuna a 1993.

Akwai halittar gwaji ta biyu a labarin. Kamfanin Merck ya fara ba da maganin ibamektin kyauta a 1987, alhali ba a gama sanin inda yake kama tsutsa ba. Onchocerca ba ta kiwuwa a kwalba, mutum ne masaukinta. Sai aka koma ga wata 'yar tsutsar ƙasa, Caenorhabditis elegans, wadda Sydney Brenner ya shigo da ita fagen ilimin gado. A 1994 aka ware ƙwayoyin gadon wata ƙofa a jikinta wadda maganin ke buɗewa ya bari a buɗe, tsutsa ta shanye. Wannan sani ya zama abin komawa a 2007, lokacin da Mike Osei-Atweneboana da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa a wasu ƙauyukan Gana tsutsar ta fara saurin farfaɗowa bayan shan magani.

An rufe babban shirin a 2002, kuma noma ya koma kwarin Volta. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar. Gana ba ta kai nan ba tukuna, ana ci gaba da rabon magani a gundumomin da cutar ta rage.