Wuta ko Haƙuri: Tarihin Jinyar Ƙafar Doki a Ƙasar Katsina

Idan aka sauka daga hawan Sallah a birnin Katsina, dawakan hakimai sukan kama hanyar gida. Na Maraɗi su nufi Kurfi, na 'Yandaka su zarce Dutsin-ma, na dagatai da masu hali kuma su watsu cikin garuruwa irin su Wurma da Birchi. A da da ƙafafunsu suke komawa. Yau galibi a bayan babbar mota ake loda su. Wanda ya tsaya ya ga ana sauke su zai lura da abin da ya ɓuya wa 'yan kallo a Ƙofar Soro: wani yana ɗingishi, wani jijiyar bayan ƙwaurinsa ta kumbura ta ɗauki zafi, wani kuma sirdi ya ci masa gadon baya ya bar miki. An kwance kayan ado, makaɗa sun tafi, saura doki da ɗan barga.

Abin da ɗan bargan zai yi a makonnin da suka biyo baya shi zai yanke hukunci ko dokin zai sake ganin wani hawan. Kuma dabarun da ke hannunsa suna da tarihi mai tsawo, wanda ya kamata a rairaye shi, domin a cikinsa akwai tsaba akwai tsakuwa.

Dukiyar da ba a yarda a yi asararta

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ya nuna yana aika wa Sarkin Kwararrafa dawaki ana biyansa da bayi. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa Mai na Borno yakan sayi doki guda daga fataken Arewacin Afirka da bayi 15 zuwa 20. Wannan mummunan lissafi ne, amma yana nuna irin matsayin da doki ya taka. Ga tsada, ga saurin mutuwa: da an gangara kudu tsando yana jira da sammore, da damina ta sauka kuma ƙananan ƙwari su yaɗa annobar dawaki, wadda takan kashe mafi yawan waɗanda ta kama.

Shi ya sa tsarin sarauta da kansa ya ginu a kewayen barga. Madawaki da Ubandawaki da Sarkin Dawaki duk sunayensu daga doki suka fito. A fadar Kano, Shamaki ke kula da bargar sarki. A Katsina, Kaura ke jan rundunar yaƙi. Bayan jihadi ya kori sarakunan Haɓe daga birnin wajen 1807, suka kafa sabon mazauni a Maraɗi, sai yammacin ƙasar Katsina, har da yankin da Kurfi da Dutsin-ma suke a yau, ya zama bakin daga kusan ƙarni guda, mahara suna ratsowa ta dajin Rugu. A irin wannan wuri, dokin da ya gurgunce giɓi ne a garkuwar gari.

Ilmin barga

Mafi yawan abin da tsofaffin 'yan barga suka sani rigakafi ne. Harawa da dusa da dawa, kanwa a ruwan sha, bauri da ake dunƙulawa a ɗura wa doki, hayaƙi a barga da damina don korar ƙwari. Uwa uba kilisa: fitar da doki safe ko yamma, a fara da tafiya, a shiga sassarfa, a kai ga sukuwa in hali ya yi, a dawo da shi a hankali har gumi ya tsane. Idan ƙafa ta kumbura, a tsayar da shi cikin ruwan rafi, ko a gasa wurin da tsumma da ruwan zafi, a yi tausa da man shanu ko man kaɗanya.

Wannan ilmi yana da tushe a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke bayyana cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki kashi biyu: waɗanda aka horar sun yi dogon zango na mil biyar zuwa bakwai, waɗanda ba a horar ba kuwa aka taƙaita musu zuwa kimanin mil guda. Ma'anar a fili take: gwargwadon horon doki, gwargwadon abin da za a ɗora masa. Larabawa sun mai da jinyar dawaki fanni mai zaman kansa da suka kira baiɗara, kuma a ƙarni na 14 Abubakar ibn Badr, likitan bargar Sarkin Masar Nasir Muhammad ibn Ƙalawun, ya wallafa babban littafi a kai mai suna Kamilus Sina'ataini.

Sai dai a cikin wannan gado akwai wuta. Idan jijiya ta ƙi sacewa, sai a sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, a yi wa ƙafar lalas, layi-layi ko ɗigo-ɗigo. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Rumawa sun yi, Larabawa sun yi, kuma makarantun likitan dabbobi na Turai, tun daga ta farko da Claude Bourgelat ya kafa a Liyon ta Faransa a 1761, sun koyar da ita a matsayin magani. Hujjar kowa ɗaya ce: an ƙona ƙafar, bayan watanni doki ya tashi. Wa zai yi musu da abin da ido ya gani?

Zuwan Turawa: shanu a gaba, doki a baya

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar a 1903, aikin doki na yaƙi ya ƙare. Sashen kula da lafiyar dabbobi da suka kafa a Zariya a 1914, da ɗakin binciken da aka buɗe a Vom a 1924, hankalinsu yana kan shanu ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Annobar bushiya ta farkon shekarun 1890, wadda Fulani suka laƙaba wa suna Sannu, ta share garkuna, kuma shanu su ne jangali, su ne fata da kirgi da ake fitarwa waje. An yi nasara a wannan yaƙi, har aka ayyana kawar da bushiya daga duniya a 2011. Amma ƙafar doki ba ta shiga lissafin baitulmali ba, sai aka bar ta a hannun 'yan barga.

Abin da ya raya doki a Katsina shi ne hawa da wasa. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, kuma ya ziyarci Ingila a 1921, shi ya dasa ƙwallon dawaki a masarautar. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai mataki na 7 a ma'aunin gwanintar wasan, wanda ƙololuwarsa 10 ce. Wasa ne mai cin ƙafar doki: sukuwa, tsayawa farat ɗaya, juyawa a kan ƙafa guda, karo da wani dokin.

Wannan wasan ne kuma ya haifar da sabon fanni a Ingila. A 1939, Lord Mountbatten ya nemi Charles Strong, likitan gashin ƙashi da ke duba shi, ya gwada wa dawakansa na ƙwallo irin jinyar da yake yi wa mutane. Strong ya yi amfani da na'urar da ke motsa tsoka da lantarki mai sauƙi, ya ga amfaninta, ya ci gaba da aikin shekaru da dama har ya yi rubuce-rubuce a kai. A 1985 likitocin gashin ƙashi na Birtaniya masu duba dabbobi suka kafa ƙungiyarsu, ACPAT. Daga nan tausa da miƙar da gaɓoɓi da motsa jiki a cikin ruwa suka zama sana'a mai horo da shaida.

Shekarar da aka tuhumi wuta

A 1983 aka buga sakamakon wani dogon bincike da Ian Silver na Jami'ar Bristol da Peter Rossdale suka jagoranta a kan raunin jijiyar doki. Sun kwatanta ƙafafun da aka ƙona da waɗanda aka bari suka huta kawai. Ba su ga wata fa'ida da wuta ta ƙara ba. Abin da ta ƙara shi ne ciwo da tabo. A daidai wannan lokaci Norman Rantanen a Amurka ya fara amfani da na'urar hoton sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, wajen leƙa cikin jijiyar doki mai rai. Karon farko ke nan da aka iya ganin yadda rauni ke warkewa wata bayan wata.

Abin da aka fahimta shi ne wannan. Daga gwiwar doki zuwa kofato babu tsoka, sai ƙashi da jijiyoyi da fata, kuma ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Jijiyar bayan ƙwauri tana aiki kamar roba, tana miƙewa tana komawa a kowane taku. Idan zarurrukanta suka tsinke, jiki yakan cike gurbin da tabo, wanda zarensa a hargitse yake, ba shi da ƙarfi ko talewar na asali. Jini kaɗan ke isa wurin, don haka gyaran yakan ci watanni 9 zuwa 12, wani lokaci fiye. A kwanakin farko sanyi ake buƙata da ɗauri da hutu, domin a kwantar da kumburi. Bayan haka sai tafiya da ragama a hannu, minti 10 a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin jan da jijiyar ke sha a hankali shi ke jera sabon zaren a kan layi. Sassarfa sai bayan watanni, sukuwa kuwa ita ce ta ƙarshe.

To me ya sa dokin da aka yi wa lalas yake tashi? Saboda ƙunar takan hana a hau shi. Mai doki da ba zai iya haƙurin wata shida ba, dole ya haƙura idan ƙafar ta zama gyambo. Hutun ne ya yi magani, wuta ta karɓi yabo. Tsayar da doki a rafi da kilisa mai tsari kuwa, waɗanda ba a ɗauke su a bakin komai ba, su ne binciken zamani ya gaskata.

Akwai iyakar da har yau ba a tsallake ba. Karaya a ƙafar babban doki ta fi ƙarfin ɗorin da ake yi wa mutum ko akuya, domin doki ba ya jure doguwar kwanciya, idan kuma ya jingina nauyinsa a kan ƙafa mai lafiya sai kofatonta ya lalace daga ciki. Barbaro, wanda ya lashe tseren Kentucky Derby a 2006, ya karye makonni biyu bayan nasarar. An yi masa aiki da ƙarafa a asibitin Jami'ar Pennsylvania, ƙashin ya haɗe, amma ciwon kofato ya sa aka kawo ƙarshen wahalarsa a Janairun 2007.

Rabon kare

Kare bai taɓa samun Shamaki ba. Duk da haka mafarautan ƙasar Hausa, waɗanda ke fita farautar rani da garken karnuka, sun san darajar na kirki, kuma mazhabar Malikiyya ta halatta ajiye shi don farauta da tsaron gona ko dabbobi. Jikinsa ya fi na doki sauƙin jinya: ba shi da nauyi, yana iya tafiya da ƙafa uku, don haka karayarsa tana ɗoruwa. Raunin da ya fi damunsa shi ne tsinkewar jijiyar cikin gwiwar baya. A Turai da Amurka, bayan tiyata akan sa shi tafiya a cikin kwamin ruwa mai shimfiɗa mai motsi, ruwan ya ɗauke masa nauyi tsoka kuma ta yi aiki. Ƙa'idar ita ce dai ta doki: a hana shi gudu, a kuma hana shi zama wuri ɗaya.

Komawa turke

Haɗarin da dokin Wurma ko Kurfi ke ciki a yau ya bambanta da na kakansa. Wancan kullum yana kan hanya, jijiyarsa ta saba da aiki. Wannan kuwa babur ya karɓe masa sufuri, rashin tsaro ya taƙaita fita bayan gari, har a wasu shekarun baya-bayan nan an dakatar da hawan Sallah ɗungurungum. Sai ya shafe watanni a turke yana cin dusa yana ƙiba, rana ɗaya a ɗaura masa sirdi don Sallah ko hawan angwanci, matashi ya sake masa linzami a kan kwalta, ya ja zamiya a gaban jama'a. Wato an ɗauki dokin da ba a horar ba an sa shi a dogon zango.

Muna da makarantun likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da sauran wurare, muna da likitocin gashin ƙashi a manyan asibitoci. Amma mafi yawan abin da dokin ƙauye ke buƙata ba ya jiran na'ura. A fara kilisa makonni shida ko takwas kafin hawa. A shafa bayan ƙwauri da hannu kowace safiya, domin zafi da kumburi sukan riga ɗingishi bayyana. In an ji su, a kwance sirdi, a kawo ruwan sanyi, a kira likita, a bar ƙarfe a maƙera. Sannan a ƙirga watanni, ko da hakan na nufin wata Sallar za ta zo ta wuce dokin yana barga. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa; a ƙafar doki, gurgunta yake haifarwa.