Gidajen jinka na Shirakawa-go a ƙasar Jafan

Shirakawa-go da Gokayama yankuna ne biyu da ke cikin duwatsun tsakiyar Jafan, a kwarin kogin Sho, inda dusar ƙanƙara kan taru har ta haura tsayin mutum a lokacin sanyi. A shekarar 1995 hukumar UNESCO ta sanya ƙauyuka uku na wannan kwari, wato Ogimachi da Ainokura da Suganuma, cikin wuraren tarihi na duniya, saboda gidajensu na jinka, waɗanda wasunsu sun haura shekara 250.

Ana kiran wannan salon gini gassho-zukuri, domin jinkar ta yi kama da tafin hannu biyu da aka haɗa wajen addu'a. Gangarenta ya kai kusan digiri 60, don ƙanƙara ta riƙa zamewa kafin nauyinta ya danne gidan. Ba a amfani da ƙusa wajen ɗaurin jinkar. Da igiyar ciyawa da ɗanyun tsumagu ake ɗaure itatuwan, kuma wannan ne ke ba ginin damar lanƙwasawa kaɗan idan iska ta taso, maimakon ya karye. Hayaƙin murhun da ke tsakar ɗaki yakan ratsa benaye ya shiga cikin ciyawar, ya busar da ita, ya kori ƙwari.

Girman gidajen ba na alfahari ba ne. Ƙasar noma ba ta da yawa a kwarin, don haka iyalai suka mayar da benayen da ke ƙarƙashin jinka wurin kiwon tsutsar alharini, a ƙarƙashin daɓe kuma suna haɗa sinadarin albarushi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda ake sabunta baibaya. Bisa al'ada, bayan shekara 30 zuwa 40 ake sauke tsohuwar ciyawa, kuma aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Sai a kira gayya, wadda suke kira yui: mutum sama da 100 su hau jinka, su gama ɓangare guda cikin yini. Wanda aka yi wa yau, gobe shi ma zai je ya rama.

Bayan yaƙin duniya na biyu gidajen sun ragu ƙwarai. Madatsar ruwa ta Miboro, da aka kammala a 1961, ta cinye wasu ƙauyuka, an kuma sayar da gidaje da dama aka kwashe su zuwa birane. A 1971 mazauna Ogimachi suka kafa ƙungiya bisa sharuɗɗa uku: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa.

Gobara ce babbar fargabarsu, shi ya sa kowace shekara ake gwada bututun feshin ruwa da aka girke a faɗin ƙauyen. Amma raguwar matasa ta fi wuyar magani, domin yanzu masu gidaje da yawa ƙwararru suke ɗauka su biya su kuɗin baibaya, gayya kuwa sai jefi-jefi.