Babi na Biyu: Tarihin Ra'ayin Masu Kallo a Kan Wasannin Barkwanci na Talabijin

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai waiwayi tarihin yadda masu kallo a ƙasar Hausa suke bayyana ra'ayinsu game da wasannin barkwanci na talabijin, musamman waɗanda ake nunawa kashi-kashi a kowane mako. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, hanyar da mai kallo yake bi ya isar da hukuncinsa ta sha sauyawa, amma ma'aunin da yake auna wasa da shi bai sauya sosai ba.

2.1 Kafin Zuwan Talabijin

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da masu ba shi dariya, kamar 'yan kama da 'yan gambara da kuma yara masu tashe a watan azumi. A irin waɗannan wasanni mai yi da mai kallo suna fuskantar juna ne a dandali ko a ƙofar gida. Idan wasa ya yi armashi, nan take za a yi dariya a ba da kyauta. Idan kuwa bai yi ba, sai jama'a su watse. Saboda haka ɗan wasa yana samun hukuncinsa ne tun bai bar wurin ba, har ma yakan gyara wasan yana cikin yi.

2.2 Zuwan Talabijin

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin shekarar 1959, sannan na Kaduna, wato RKTV, ya biyo baya a 1962. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NTA wadda ta haɗe tashoshin da ke akwai a ƙarƙashinta. Daga baya jihohi suka kafa nasu, kamar CTV a Kano zamanin Gwamna Abubakar Rimi.

Wannan ci gaba ya raba ɗan wasa da mai kallonsa, domin na'urar ɗaukar hoto ba ta dariya, ba ta kuma ba da kyauta. Da yake mutane kaɗan ne suka mallaki akwatin talabijin a lokacin, akan taru ne a gidan maƙwabci ko a gidan kallo na unguwa, kuma a nan ake fara yanke wa fitowar mako hukunci. Washegari sai a ci gaba da zancen a majalisa da kasuwa da makaranta. Hanyar da ra'ayi yake isa ga masu shirya wasa kai tsaye kuwa ita ce wasiƙa, al'adar da aka gada daga rediyo. Sai dai wasiƙa ta wanda ya iya rubutu ce kuma yake da kuɗin kan sarki, don haka muryar yara da ta yawancin matan aure, waɗanda suke cikin manyan masu kallo, ba kasafai take isa tasha ba.

2.3 Misalin Wasan Samanja

Wasan Samanja Mazan Fama na Kaduna ya fara fitowa ne a farkon shekarun 1970. Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja, shi ne yake fitowa a matsayin Samanja, wasan kuma yana nuna rayuwar barikin soja ne. Ya kamata a lura da lokacin da ya fito. Yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu 1970, yawan sojojin ƙasar ya kai kimanin 250,000, sannan mulki yana hannunsu. Ke nan talaka yana ganin soja ko'ina, yana kuma shakkarsa. Wasan ya ba shi damar yi wa mai kaki dariya ba tare da fargaba ba, shi ma soja yana ganin kansa a ciki.

Babbar shaidar karɓuwar wasan ita ce yadda sunan wasa ya danne sunan yanka. Har rasuwarsa a watan Nuwamba 2023, Samanja jama'a suke kiran Usman Baba Pategi. Haka abin yake ga Abdullahi Shu'aibu na Jos, wanda aka fi sani da Karkuzu. Wannan laƙabi wani nau'in hukunci ne wanda ba ya buƙatar takarda ko kan sarki.

A shekarun 1980 aka shigar da Samanja cikin shirye-shiryen da NTA take watsawa a duk faɗin ƙasa, sai aka karkata harshensa zuwa Turancin buroka domin waɗanda ba sa jin Hausa. Wannan ya nuna cewa idan masu kallo suka sauya, wasan ma yakan sauya, har a harshen da aka gina shi a kai.

2.4 Ma'aunan Masu Kallo

Idan aka yi la'akari da wasannin da suka daɗe ana nunawa, kamar Samanja da Karkuzu da Karambana na Ƙasimu Yero, za a iya fitar da ma'aunai uku. Na farko shi ne darasi, domin Bahaushe yakan ɗauki dariyar da ba ta ɗauke da faɗakarwa a matsayin shashanci. Na biyu shi ne tsayawar ɗan wasa a kan halin da aka san shi da shi. Fitowar da tauraro ya saɓa wa halinsa ba dalili takan zama lami a idon mai kallo. Na uku shi ne kunya, saboda uba da 'ya'yansa, wani lokaci har da suruki, sukan zauna gaban akwati ɗaya, don haka barkwancin da zai sa babba ya sunkuyar da kai ba ya samun shiga.

2.5 Zamanin Bidiyo da Tashoshi Masu Zaman Kansu

Fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990 ta buɗe kasuwar finafinan bidiyo, kuma a 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo da talabijin. Daga nan aljihun mai kallo ya sake zama alƙali, kamar yadda yake a zamanin 'yan kama, domin kaset ɗin da bai ba da dariya ba yakan kwantai a kanti. A wannan kasuwa ce Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba 2014, ya yi fice. A shekarar ta 2014 kuma aka buɗe tashar Arewa24, wadda ta nuna wasannin barkwanci masu dogon zango irin su Gidan Badamasi. Tashar da ta dogara da kuɗin talla kuwa tilas ta kula da abin da masu kallo suke so.

2.6 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda hukuncin mai kallo ya tashi daga kyautar dandali zuwa hirar majalisa da wasiƙa da laƙabi, sannan ya koma ga ciniki. An kuma ga cewa darasi da daidaiton hali da kunya su ne ma'aunan da suka ɗore. Da waɗannan ma'aunai ne babi na uku zai nazarci zaɓaɓɓun fitowa daga wasannin da aka ambata.