Sunanka a rajistar zaɓe, daga ofishin lasisin tuƙi

Ranar da na raka ƙanwata sabunta lasisin tuƙi a Detroit, bayan ta zama 'yar ƙasar Amurka, ma'aikaciyar ta ɗauki hotonta, ta duba adireshi, sannan ta ce mata sunanta zai shiga rajistar masu zaɓe, sai fa idan ba ta so. Ni da na taɓa yin sammako na wuni a rana ina bin layin katin zaɓe a gida, sai na yi tsit ina kallon ikon Allah.

A wannan jiha ta Michigan aka fara yin rajistar zaɓe a ofishin lasisin tuƙi, a 1975. Richard Austin ne sakataren jiha a lokacin, kuma ofishinsa ne ke riƙe da lasisin tuƙi da harkar zaɓe duka biyun. Baƙar fata ne, haifaffen Alabama, inda aka daɗe ana hana irinsa rajista da harajin zaɓe da jarrabawar karatu. Ina ganin shi ya sa ya hango abin da wasu ba su hango ba. Mutum ya riga ya zo da ƙafarsa, ya nuna shaidar ko shi wane ne, to me zai sa a sake tura shi wani ofishin?

Sauran ƙasar ta yi jinkiri. Da aka zo mayar da tsarin dokar ƙasa baki ɗaya, Shugaba George Bush babba ya hau kujerar na ƙi a 1992, Bill Clinton ya sa hannu a 1993, dokar ta fara aiki a 1995. Ko da wannan dokar, sai mutum ya ce yana so kafin a yi masa rajista.

Jihar Oregon ce ta juya lamarin a 2015, zamanin gwamna Kate Brown. Daga Janairun 2016, gwamnati ke rubuta sunanka, ta aiko maka da wasiƙa, ta ba ka kwana 21 ka ce a cire. Michigan ta bi sahu bayan ƙuri'ar jama'a ta 2018. An yi tuntuɓe kam: a 2024 Oregon ta gano ta saka mutum fiye da 1,000 da ba su nuna shaidar zama 'yan ƙasa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Tsohuwar maƙwabciyarmu ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, bas take hawa, kuma rabonta da ofishin nan an daɗe. Ita har yanzu sai wani ya kawo mata fom gida.