Wasan Yara da Shan Inna a Ƙasar Hausa

Tun kafin a san makarantar boko a ƙasar Hausa, dandali shi ne wurin da yaro ya ke koyon sarrafa jikinsa. In kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, ga farin wata, sai yara su fito bayan an ci tuwon dare. 'Yan mata su yi da'ira suna gaɗa, maza kuwa su ware gefe su kama kokawa ko langa. A nan a ke gane mai ƙarfi da mai dabara, a nan kuma yaro ya ke koyon ya sha kaye ya tashi bai yi fushi ba. Wanda bai shiga dandali ba, da wuya ya sami tsara, kuma a zaman Hausawa rashin tsara ba ƙaramar hasara ba ce.

To, amma kusan dukan wasannin nan a kan ƙafa a ka gina su. Dubi langa. Kowa ya kan riƙe ƙafa guda ta baya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar, ana ture juna, ana tsaron wanda a ke kira ruwa har ya kai wurin sha. Wasan ƙafa ɗaya ne, amma sai wadda ta ke da ƙarfin biyu. Saboda haka akwai yaron da tun asali ba shi da rabo a ciki, watau wanda inna ta sha.

Sunan cutar kansa ya nuna yadda mutanen dā su ka fahimce ta. Inna dai uwa ce, amma a bori suna ne na wata aljana, wadda a ka ce ita ke shanye ƙafar yaro har ta ƙanjame. Tun da an ɗauka aikin iska ne, sai a nemi magani wurin 'yan bori da bokaye. Masana sun tabbatar ƙwayar cuta ce, tana fita cikin bayan gida ta shiga ruwa ko abinci, ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5, kuma cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, wajen guda ne ta kan gurgunta. Shi wannan guda, in ya girma, hanyar da jama'a su ka buɗe masa ita ce bara, a ƙarƙashin Sarkin Guragu.

Zuwan boko bai sake kome ba game da shi. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, a ka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, malaman Turawa su ka kawo ƙwallon ƙafa da kurket da ƙwallon bango da su ke kira Fives, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da so. Sun ce wasa shi ke gina hali, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai masu lafiyar ƙafa kaɗai su ke nufi. Da a ka fara gasar wasanni ta ƙasa a Ikko cikin 1973, daga baya har langa da dambe da kokawa su ka sami shiga, gurgu yana nan dai a gefe yana kallo.

Cikin 1988 abu biyu su ka faru, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. A Janiba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙudura a kawar da shan inna daga duniya. A Nijeriya kuwa, Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma cutar ta taɓa, ya ƙago ƙwallon guragu. Ɗan wasa ya kan zauna bisa ɗan katako mai ƙananan tayoyi, ya tura kansa da hannu, ya bugi ƙwallo da hannu. Abin lura a nan shi ne katakon. Irinsa ne a ka saba gani ana bara da shi a bakin kasuwa da mararrabar titi, sai ga shi ya zama kayan wasa, mutane na taruwa suna tafi. Kafaɗun da su ka ƙarfafa wajen jan jiki su ne su ka zama abin gasa. Ƙungiyoyi su ka yaɗu a jihohi, har wasan ya ƙetare zuwa ƙasashen maƙwabta.

Rigakafin ya fi wasan shan wahala. Cikin 2003 a ka dakatar da shi a Kano da waɗansu jihohin Arewa, domin an baza cewa yana hana haihuwa. Bai kamata a ce jahilci ne zalla ba, gama mutane ba su manta da 1996 ba, sa'ad da wani kamfanin Amurka ya gwada magani a kan yaran Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 su ka mutu. Duk da haka yara ne su ka biya. Ko da ya ke an koma ɗiga maganin cikin Yuli 2004, cutar ta riga ta bazu zuwa ƙasashen da dā su ka rabu da ita, kuma cikin 2012 fiye da rabin waɗanda ta gurgunta a duniya 'yan Nijeriya ne. Sai da sarakuna da malamai su ka sa baki sosai, 'yan ƙwallon guragu su ma su ka riƙa bi gari gari suna nuna wa iyaye ƙafafunsu, kana a ka ci ƙarfinta.

Ran 25 ga Agusta 2020 a ka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, ko da ya ke wani nau'i mai tasowa daga maganin ɗigon ya ci gaba da ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Ƙwallon guragu kuwa yana bukatar daɓen siminti mai santsi, wanda a birni a ke samu, kuma galibi maza ke yinsa. Yara na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Barno cikin 2016, yanzu tsararrakinsu sun isa shiga langa.